Wane irin allon juyawa ya dace da jirgin ruwanka?

Mai shirin sayen matsakaicin jirgin ruwa, ko mai son a ƙera masa sabo, yakan daɗe yana tambaya kan ƙarfin inji da yawan kayan da jirgin zai ɗauka, amma da wuya ya sunkuya ya duba allon da ke nutse a bayan jirgin, wanda shi ne ke karkatar da shi dama ko hagu. Alhali kuwa idan inji ya mutu ana iya ɗaura wa jirgi igiya a jawo shi gaɓa, shi ko jirgin da allonsa ya maƙale a karkace, jansa ma wahala ne, domin sai ya riƙa kaucewa daga bayan mai jansa. Ire-iren allon da ke kasuwa ba su da yawa: akwai na rataye a bangon baya, akwai mai jingine da ƙashin jirgi ko da madogari, akwai mai tsaye shi kaɗai, akwai tagwaye, sannan akwai jirgin da ba shi da allo sam, injinsa ne ke juyawa. Kowannensu yana da abin da ya saya da abin da ya sayar, kuma ba za a gane cinikin ba sai an fahimci yadda allon ke aiki.

Idan matuƙi ya karkata allon, ruwan da ke wucewa ta gefensa biyu yakan daina matsa shi daidai wa daida, sai matsin gefe ɗaya ya rinjayi na ɗayan, a sami ƙarfin da ke tura bayan jirgin zuwa gefe. Wannan ƙarfi kaɗan ne idan aka gwada shi da nauyin jirgin, domin a manyan jiragen dakon kaya faɗin allon bai cika wuce kashi 2 cikin 100 na gefen jirgin da ke cikin ruwa ba. Aikinsa shi ne ya sa gangar jikin jirgin ta ɗan gicciye wa ruwa. Da zarar ta gicciye, ita ce da kanta ke karɓar matsin da ke lanƙwasa hanyar jirgin. Saboda haka jirgin ruwa daga baya yake juyawa. Idan yana tafiya gaba, wurin da yake kewayawa a kai yana wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa daga goshi, shi ya sa matuƙin da ya karkata hagu don ya bar matsaya yakan ji bayan jirginsa ya gogi bangon da ke damansa.

Abubuwa biyu ne ke biyo bayan wannan. Na farko, ƙarfin allon ya dogara ne da gudun ruwan da ke bin jikinsa, kuma idan gudun ya ninka biyu ƙarfin yakan ninka huɗu, idan kuma jirgi ya tsaya cik allon ba shi da wani amfani. Na biyu, karkatawa tana da iyaka: idan aka wuce wani mizani, ruwan yakan rabu da bayan allon ya hargitse, ƙarfin juyawa ya faɗi, allon ya koma birki kawai. Dalilin da ya sa ke nan akasarin jirage ake tsayar da allonsu a wajen digiri 35 kowane gefe. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta shar'anta cewa injin tuƙin babban jirgi ya iya kai allo daga digiri 35 a gefe ɗaya zuwa digiri 30 a ɗaya gefen cikin daƙiƙa 28, yana cikin cikakken gudu. An ƙara tsaurara dokokin injin tuƙi bayan abin da ya sami tankar mai Amoco Cadiz a watan Maris na 1978, lokacin da injin tuƙinta ya lalace a gaɓar Biritani ta ƙasar Faransa, ta faɗa kan duwatsu, ɗanyen mai fiye da tan 200,000 ya malala a teku.

Jirgin sama ma yana da irin wannan allo a tsaye a wutsiyarsa, matuƙi yana taka shi da feda biyu, sai dai aikinsa ya sha bamban. Jirgin sama yana yin kwana ne ta hanyar kishingiɗa fikafikansa, ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, shi kuma allon wutsiya yana hana hancin jirgin zamewa zuwa ɓangaren da ba a nufa ba. 'Yan'uwan nan biyu Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgin sama mai inji, sun gano haka a 1902, sa'ad da suka cire kafaffiyar wutsiyar jirginsu marar inji suka sa mai motsi. Ban da wannan, allon yana miƙar da jirgi kan titin sauka idan iska na bugowa daga gefe, yana kuma riƙe shi idan injin ɓangare ɗaya ya mutu. Darasin da ya haɗa sama da ruwa shi ne nauyin da ke hawa kan allo idan ana gudu. A ranar 12 ga Nuwamba 2001 wani jirgin Airbus A300 ya faɗi a birnin New York jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 265 suka rasu, kuma bincike ya nuna cewa taka feda dama da hagu a jere da ƙarfi ne ya ɗora wa wutsiyar nauyin da ya fi ƙarfinta har ta ɓalle. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka allon jirgin ruwa, ko da gudunsa kaɗan ne, yana shan matsi mai yawa. Mai jirgin sama ba shi da zaɓi a nan, abin da kamfani ya ƙera shi zai tuƙa. Mai jirgin ruwa ne ke da zaɓi.

Allon rataye shi ne mafi daɗewa a cikin waɗanda ake yayi yanzu. Mutanen dā, daga Misirawa zuwa Rumawa, da babban filafili suke tuƙi, a ɗaure a gefen bayan jirgi. A Sin an tono wani ƙaramin jirgin yumɓu a kabarin zamanin daular Han, kusa da birnin Guangzhou, ɗauke da allo a tsakiyar bayansa, a Turai kuwa sai wajen shekarar 1180 aka fara ganin siffar allon da ke rataye da ƙusoshi masu kauri da ke zama cikin zobban ƙarfe. Har yau haka ake rataye shi, tamkar ƙyauren ɗaki a jikin dogaransa. Babbar fa'idarsa ita ce komai nasa a fili yake. Ana ganin zobban da ido, ana iya zare allon a ɗora shi cikin jirgi a gyara a mayar ba tare da an fitar da jirgin daga ruwa ba, kuma babu ramin da aka huda a ƙasan jirgi domin shi. Ana iya yin sa da haɗi a tsakiya yadda idan ya taɓa yashi ƙasansa zai ɗago da kansa, wanda ke da matuƙar amfani a kogi da tafki da bakin gaɓa marar zurfi. Aibinsa guda biyu ne. Da yake ya ratsa saman ruwa, idan aka karkata shi sosai cikin gudu iska takan bi bayansa ta gangara ƙasa, sai matuƙi ya ji allon ya saki ruwa farat ɗaya. Sannan yana waje, duk jirgin da ya kuskure a matsaya shi zai fara bugawa. Bugu da ƙari ba kowane bayan jirgi ne ke karɓarsa ba, kuma idan jirgi ya yi girma yakan yi wa hannu nauyi.

Mai jingine da ƙashin jirgi shi ne na jiragen da ke da dogon ƙashi a ƙasa tun daga goshi har baya, allon yana manne a ƙarshensa. Babu wanda ya kai shi kariya: gungume ko igiya ko raga duk sai su bi ƙarƙashin ƙashin su wuce, idan jirgi ya hau tudun yashi kuma ƙashin ne ke ɗaukar nauyi. Irin wannan jirgi yana riƙe hanya miƙe ba tare da an yi ta gyara shi ba, amma kwanarsa mai faɗi ce, ribas ɗinsa kuwa sai dai matuƙi ya yi haƙuri ya ga inda jirgin ya ga damar nufa. Wannan zaɓi ne na siffar jirgi gaba ɗaya, ba a iya ƙara shi daga baya.

Gardamar gaske tana tsakanin iri biyu na gaba, mai madogari da mai tsaye shi kaɗai, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya nutsu.

Allo mai tsaye shi kaɗai ba shi da abin da ya riƙe shi daga ƙasa. Sanda guda ce ta ƙarfe ko ta haɗin kabon ta fito daga cikin jirgi ta wani bututu, boris biyu suna riƙe da ita, allon kuma yana lulluɓe da ita. Da yake babu komai a gabansa, maƙeri yana iya barin wani ɓangare na faɗinsa, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a gaban sandar, yadda ruwan da ke bugun wannan ɓangare zai taimaka wajen karkatar da sauran. Dabarar tsohuwa ce, tun a jirgin Great Britain da injiniya Brunel ya ƙaddamar a 1843 an yi amfani da ita. Sakamakonta shi ne tuƙi mai sauƙi ƙwarai: jirgi mai nauyin tan da yawa yana amsa yatsu biyu, yana juyawa a ƙaramin fili, yana bin umarni a ribas, kuma ja-da-bayan da ruwa ke yi masa kaɗan ne. Yana da arha wajen ƙerawa, shi ya sa galibin jiragen shaƙatawa da masana'antu ke fitarwa a yau shi suke ɗauke da shi. Kuɗin da ake biya a madadin wannan daɗi shi ne cewa dukkan nauyin da ke neman lanƙwasa allon yana taruwa a wuri guda, daidai inda sandar ta fito daga jikin jirgi. Idan allon ya bugi abu mai ƙarfi, sandar tana iya lanƙwashewa har saman allon ya cije jikin jirgi ya ƙi motsi, ko kuma bututun ya tsage ruwa ya fara shiga. A gasar Fastnet ta 1979 ta jiragen iska, wato jiragen ruwan da iska ke turawa, wadda jirage 303 suka shiga kuma guguwa ta hallaka 'yan gasa 15, karyewar allo tana cikin manyan dalilan da suka fitar da jirage daga tseren, kuma wasu daga cikin sandunan da suka karye na kabon ne, a lokacin da ba a gama ƙwarewa da shi ba. Kayan ƙira sun inganta sosai tun daga nan, amma wurin da nauyin ke taruwa bai canja ba.

Mai madogari kuwa an gina masa wani kafaffen fiffike a gabansa, wanda ya sauko daga jikin jirgi ya riƙe shi da boris na uku a ƙasa. Nauyin ya rabu gida biyu ke nan, sama da ƙasa, kuma abin da ya taho cikin ruwa madogarin zai fara samu. Yana kuma jure karkatawa mai yawa kafin ya saki ruwa, abin da matuƙi ke gode wa idan raƙuman ruwa suna tunkuɗo jirgi daga baya. Amma da yake dukkan faɗinsa yana bayan sanda, yana da nauyi a hannu, kuma a ribas ba ya kai na farkon biyayya. Wasu maƙera sun raba gardama da rabin madogari, su bar ƙasan allon ya zarce gaba don ya rage nauyi, sai dai ɗan tsagin da ke tsakani yana da son kama igiya. Akwai kuma abin da masu yabon madogari ba su cika faɗa ba: madogarin da aka liƙa daga waje ba tare da an haɗa shi da ƙasusuwan jirgi ba, a gaskiya allon ne ke riƙe da shi, kuma idan ya ɓalle yana iya tafiya da wani yanki na jikin jirgin. Allo mai tsaye shi kaɗai da aka yi wa sanda mai kauri ya fi irin wannan aminci nesa ba kusa ba. Don haka ganin madogari kawai bai isa hujja ba, sai an leƙa ciki an ga yadda aka ɗaure shi.

A ganina tambayar da za ta raba waɗannan biyun ita ce: idan allon ya samu matsala, awa nawa ne tsakanin jirgin da taimako? Wanda ke yawo kusa da gaɓa, yana shiga matsattsun tashoshi kullum, zai amfana da sauƙin mai tsaye shi kaɗai a kowace fita, haɗarinsa kuma bai wuce kiran a zo a ja shi ba. Wanda zai ratsa teku na kwanaki, ko yake aiki a ruwan da ke cike da gungumai da ragar masunta, ya fi dacewa da madogari mai kyau ko allon rataye, ko da zai sha nauyi a hannu. Idan kuwa dole ne ya yi tafiya mai nisa da mai tsaye shi kaɗai, to ya nemi jirgin da bututun sandarsa ya haura saman layin ruwa, ko wanda aka yi wa bangon da ruwa ba ya ratsawa a gaban wurin, domin ɓarnar allo kada ta zama nutsewar jirgi. Wannan ya ƙara fitowa fili tun daga 2020, da dabbobin tekun nan dangin dolfin da ake kira oka suka fara tunkuyin allunan jiragen iska a gaɓar Sifen da Fotugal da mashigin Jibraltar, har wasu jiragen suka nutse ta wurin da ruwa ya shiga daga baya.

Tagwayen allo sun yaɗu ne saboda jiragen iska na zamani sun yi faɗin baya. Idan irin wannan jirgi ya kishingiɗa, allo guda na tsakiya yakan ɗago ya rage kama ruwa, amma idan biyu ne, na ɓangaren da ya nutse yana miƙewa tsaye cikin ruwa sosai. Suna da gajarta, don haka ba sa buƙatar zurfi. Sai dai suna gefe, ƙashin jirgi ba ya kare su, kuma a jirgi mai inji ɗaya ba sa samun ruwan da farfela ke turowa. Wannan rashi ba ƙarami ba ne. Matuƙin da ke da allo guda a bayan farfela, idan yana dab da matsaya jirgi na tafiya da ƙyar, sai ya karkata allon gaba ɗaya, ya ba inji wuta na daƙiƙa biyu ya sake. Ruwan da farfela ta watsa ya bugi allon, bayan jirgin ya zame gefe kafin jirgin ya motsa gaba ko taku ɗaya. Mai tagwaye ba shi da wannan dabara, shi ya sa da yawansu sai an ƙara musu ƙaramar farfela a goshi. Kada kuma a ɗauka cewa allo biyu yana nufin idan ɗaya ya lalace an tsira, domin a haɗe suke da sanda guda, kuma wanda ya maƙale a karkace yana hana ɗayan aiki sai an raba su. Jirgin yaƙin Jamus Bismarck allo biyu gare shi da farfela uku, amma da wani bam na ƙarƙashin ruwa ya maƙale masa tuƙi a digiri 12 zuwa hagu ranar 26 ga Mayu 1941, ma'aikatansa sun kasa miƙar da shi da injuna, washegari aka nutsar da shi.

Ga ƙananan jirage masu inji, sau da yawa zaɓin ya fi wannan sauƙi, domin injin rataye, wanda ake maƙalawa a bangon baya, yana haɗa turawa da juyawa wuri guda: farfelar ce ke karkata, ta tura bayan jirgi inda ake so. Muddin injin yana aiki babu allon da ya kai shi iya sarrafa jirgi a hankali, gaba ko ribas, kuma ana ɗaga shi a ruwa marar zurfi. Rauninsa shi ne da zarar an sauke wuta juyawa ta ragu ƙwarai, kuma sabon matuƙi da ya ga haɗari a gabansa abin da zai fara yi ke nan, ya sauke wuta sannan ya karkata, jirgin kuwa ya ci gaba da tafiya miƙe. Idan injin ya mutu an rasa abu biyu a lokaci guda, don haka filafili ba ya barin irin wannan jirgi.

Saura abin da hannu ke riƙewa. Mariƙin katako da ke haɗe kai-tsaye da kan allon ba shi da abin lalacewa sosai, yana isar wa hannu duk abin da ruwa ke yi, sai dai ana tura shi ne ɓangaren da ba a nufa ba, kuma yana cin fili idan yana kaiwa da komowa. Ga jirgin da bai wuce mita 9 ko 10 ba ya wadatar. Sitiyari, wanda ya shigo jiragen Turai a farkon ƙarni na 18, yana rage nauyi ya kuma yi daidai da abin da mutum ya saba, amma ya ƙaro waya da sarƙa ko bututun mai tsakanin hannu da allo, kuma kowannensu wurin lalacewa ne.

Kowane iri aka zaɓa, kada a biya kuɗin jirgin da aka yi amfani da shi sai an fitar da shi tudu. A kama ƙasan allon da hannu biyu a girgiza shi gefe da gefe: ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma ƙwanƙwasa tana nufin boris ya ci. A sa wani ya riƙe sitiyari gam sannan a murɗa allon. Idan ya juya alhali sandar na tsaye, ƙarafan da aka yi wa walda a cikinsa sun saki. A bi jikinsa da ƙaramar guduma ana saurare, domin wurin da faiba, wato ɓawon da ya lulluɓe allon, ta rabu da abin da ke ciki ƙararsa a dushe take. A duba ƙasansa bayan kwana ɗaya ko biyu a tudu: idan har yanzu yana ɗigar da ruwa mai launin tsatsa, ruwa ya daɗe a ciki, kuma ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yana ruɓewa a ɓoye a wurin da ya jiƙe iska ba ta isa gare shi. Jirgi mai sitiyari kuma ya kamata ya zo da mariƙin ko-ta-kwana da ake sakawa a kan sandar idan waya ta tsinke. A nemi a fito da shi, a buɗe murfin da ke rufe kan sandar, a saka shi a juya allon da shi tun jirgi na tudu, domin ba abin mamaki ba ne a tarar murfin ya cije da gishiri, ko mariƙin yana bugun sitiyari kafin allon ya kai rabin karkatarsa.